Kofin Yaji a Tashar Tiga

A bakin tashar Tiga akwai wata mai suyar kifi, doguwa, mai faɗin tafin hannu, yatsunta biyu a karkace kamar sun taɓa karyewa. Idan mai saye ya jefo mata leda daga cikin mota, ko kallo ba ta yi take cafewa. Yajinta kuwa a cikin wani kofi mai kunne biyu yake, irin wanda ake ba waɗanda suka ci gasa.

Direbobi na kiranta Badiyya Gola. Sun ce ita ta tsare ragar ƙungiyar ƙwallon 'yan matan garin shekarar da suka doke Kiru da Doguwa suka ɗauko kofin nan, kafin wani mai hali ya sa garma a filinsu, ƙungiya ta watse.

Yau ga mai halin nan cikin babbar riga a gabanta, hayaƙi na shigar masa ido. Takara ya fito, yana son aron kofin a ɗauke shi hoto.

Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi. Ta sallami mai babur, ta sallami wata tsohuwa, ta juya kifi, duk yana tsaye.

"'Yata, na wuni ɗaya ne fa."

"To, Baba," in ji ta, tana barbaɗa yaji a hankali. "A filinmu za a ɗauka ko? Ka ga sai mu jira ka girbe. Yaya masarar bana?"

Ya gyara hula. Ita kuwa ta ƙara wa wutar ɗanyen itace.