Yadda Yaya Ya Nuna Mini Stockholm

Da ofishinmu na Doha ya tura ni taro a Stockholm, ban kama otal ba. Me zan yi da otal, alhali ɗan kawuna yana garin? Kwano ɗaya muka ci tuwo a Zariya. Shekarar da ya zo Doha kallon ƙwallo, gadona na bar masa a gidana na unguwar Al Thumama, na koma kujerar falo har bayana ya ƙage.

Ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa, ya miƙo mini hannu ko safar hannun bai cire ba. Sai karatu ya fara. Ga katin shiga jirgi, ga inda ake taɓa shi. Kada in gaida wanda ban sani ba. Kada in zauna kusa da mutum in akwai wata kujera. Ya nuna mini masallaci da shagon naman halal, ina biye da shi ina jan akwati, sanyi yana cin kunnuwana. Rigar da na saya a Doha ashe ta ado ce.

Muka isa gidansa. Matarsa, 'yar unguwarmu ce fa, ta gaishe ni daga bakin kicin. Ƙamshin miyar kuka ya cika falon. Na ga an jera faranti biyu.

"Nan ba a ciyar da baƙo sai an shirya da shi," in ji shi, da muryar da ya yi mini bayanin kati.

"Yaya, ni ne fa."

"Na sani. Shi ya sa nake koya maka, kada ka je gidan wani ka ji kunya."

Suka hau cin abincinsu, na zauna ina jin ƙarar cokula. Yunwa ba ta dame ni kamar baƙin ciki ba, wallahi na tsane shi a lokacin.

Da ya gama ya goge baki, ya ce, "To, ina ka sauka?"

"Nan."

Ya yi dariya sosai, ya lalubo mini wani masauki a waya, ya raka ni bakin lif, har da danna mini maɓalli. Sai ya waiwaya ya ɗaga murya: "Lahadi muna da lokaci ya zo ya gaishe mu?"

Daga ciki matarsa ta ce, "Ba mu da shi."

Ya dube ni ya buɗe hannuwa. Lif ya rufe.