Farantin da Na Ware wa Baba

Abubuwa da yawa na zamanmu a Saint-Fons, kusa da Lyon, sun shige mini duhu, amma ranar sunan ɗana na fari tana nan daram a raina, kuma na san da ita zan mutu. A ranar ne na tashi karrama wani dattijo, saura kaɗan in kore shi daga gidana da hannuna.

Lokacin ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba. Maigidana yana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun unguwar, ni kuma ina ƙarasa karatu da tsohon ciki. A ƙasan benenmu akwai wani tsoho baƙar fata, dogo, mai dogara sanda. Na ɗauka ɗan Senegal ne, ashe Ba'amurke ne daga kudancin ƙasarsu. Ya zo Faransa da ƙuruciyarsa, ya yi aure, matar ta rasu ta bar shi shi kaɗai. Baba nake ce masa. Duk ranar da na dawo daga kasuwa sai ya karɓi ledata ya hau mini da ita, yana nishi ina nishi, ba a san wanda ke taimakon wani ba.

Wata rana a kan matakala ya ce mini, da Faransancinsa mai nauyi, “Daga Afirka aka kwaso kakannina, amma har na tsufa ban taɓa cin abinci a gidan ɗan Afirka ba.” Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce masa in Allah ya sauke ni lafiya, shi ne babban baƙona ranar suna.

Ranar ta zo, gida ya cika maƙil. Gwaggona ta taso tun daga Clichy-sous-Bois, kusa da Paris, ta kama girki, maza suka baje a falo kan darduma, an dire musu manyan tire na shinkafa da naman rago. Ni kuwa, duk da ina jego, na ce babu mai shirya wa Baba wuri sai ni. A gidanmu babban baƙo ba ya cin abinci a cikin hayaniya. Ɗaki ake ba shi, a kai masa kwanonsa, a ja masa ƙofa don ya sake. Mahaifina ma kwanonsa daban ne, moɗarsa daban, ba mai taɓa su. Saboda haka na gyara ƙaramin ɗakinmu, na fito da sabon faranti da sabon kofi waɗanda ba a taɓa amfani da su ba, na zaɓo masa tsoka mafi taushi.

Baba ya iso cikin kwat da lakatayi, da ɗan kunshin kyauta a hannu. Ya tsaya a bakin falo yana murmushi, yana neman inda zai raɓa, sai na tare shi na wuce da shi ciki. Na durƙusa na ajiye abincin, na nuna masa kofin na ce, “Wannan naka ne kai kaɗai, Baba.” Na fita na ja ƙofa, ina jin kaina kamar wadda ta gama da duniya. Har yau in na tuna yadda na yi alfahari da wannan jan ƙofar, sai kunya ta rufe ni.

Can Gwaggo ta leƙa, ta dawo ta same ni ina shayar da jariri. “Ke 'yar nan, baƙon naki bai taɓa abincin ba fa. Ko yaji ne ya yi masa yawa?”

Na tarar da shi zaune, hularsa a kan gwiwa, sandarsa a hannu, ya shirya tafiya. Dariyar maza tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya ɗago ya dube ni ya ce a hankali, “'Yata, don ba na salla ne?”

Ban gane ba, sai da ya yi mini bayani. Ya ce mahaifiyarsa ce ke dafa abinci a wani gidan abinci na Turawa a garinsu, amma su baƙar fata ba su da ikon shiga ta ƙofar gaba. A bayan kicin ake miƙo musu, kuma akwai wani kofi da aka rataye a ƙusa domin baƙar fata kaɗai. Da ya zama saurayi, shi da abokansa suka shiga irin wannan wuri suka zauna inda kowa ke zama, suka ƙi tashi. Aka juye musu abinci a ka, aka ja su a ƙasa. Ya shafa gwiwar da yake ɗingishi da ita ya ce, “Na sha duka don in zauna tare da mutane. Ban zaci a gidanki ma za a ware mini kofi ba.”

Na zauna a ƙasa ina kuka. Na ba shi labarin kwanon mahaifina, na ce a wurinmu wanda ya fi kowa daraja ake yi wa haka. Ya jujjuya hularsa, sannan ya yi 'yar dariya, idonsa cike da hawaye. “To a rage mini darajar,” in ji shi. “A kai ni wurin hayaniyar.”

Maigidana ya kama hannunsa zuwa falo. Aka kawo kujera ya ƙi, ya cire kwat ya sauka ƙasa da ƙyar da gwiwar nan tasa. Wani Alhaji ɗan Maradi ya matsa masa, ya nuna masa yadda ake dunƙula loma, yana ta tura masa nama gabansa yana cewa, “Ci, dattijo, gidanku ne.” Shinkafa ta zube a lakatayi, ba wanda ya kula. Da kwanon fura ya zagayo kansa, ludayin duk ya sha bakin jama'a. Baba ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ido ya sha.

Daga ranar, kowace Juma'a a tirenmu yake cin abinci, har muka koma Paris. Bayan 'yan shekaru aka bugo mana cewa ya rasu, na yi kewarsa kamar uban da ya haife ni.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Kafin ka girmama mutum, ka san inda aka taɓa yi masa ciwo, don kada hannunka ya sauka a daidai wurin. Farantin nan yana kicin ɗina har yau, bakinsa ya ɗan ɓantare, kuma duk wanda ya ga dama a ciki yake ci.