Gumur Ya Koma Gaba

A Timia in ka tambayi gidan Gumur, ba wanda zai ce maka gidan mai lambun rumman, ko da yake lambun nasa ne. Gidan jagora za a ce. Gajere ne, siriri, ba ya cika rigarsa, ga saurin hawa ga saurin sauka. Tun yana saurayi yake bin ayarin gishiri zuwa Bilma, sai da gwiwoyinsa suka fara ƙara sannan ya haƙura ya dawo ya rungumi rijiya da albasa. Amma akwai abin da bai saki ba. Duk shekara in watan Gani ya kama, mazan gari sukan hau dutse zuwa tsohon masallacin kakanni su yi ziyara, kuma Gumur ne a gaba, kamar yadda ubansa ya kasance kafin shi. Na gaba shi ke yin sallama a bakin masallacin, shi ke kawar da dutsen da aka tokare ƙyaure da shi, sai ya shiga kowa ke shiga. Ƙa'idar gidansu guda ce tun zamanin ayari: jagoran da abin hawansa ya faɗi, in ya tashe shi da hannunsa, yana nan a matsayinsa na gaba. In kuwa sai da aka kama masa, to ya miƙa akala ya koma baya.

Bara ce ta ɓata masa rai. Samari duk sun yi babura, har da dattawan da ke zagin babur shekaran jiya. Suka tashi tare da shi, kafin raƙuminsa ya gama miƙe wuya sun ɓace. Da ya isa, rana ta karkata, ya tarar da su zaune a gindin bango cikin zafi, ƙyaure a tokare, ba wanda ya taɓa shi. Suka miƙe masa tsaye gaba ɗaya, suka yi masa sannu da hanya. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Ya kawar da dutsen yana jin kunyar da bai taɓa jin irinta ba, wai shi ne na gaba alhali tun hantsi ake jiransa. Da bazara ta yi tsanani raƙumin ya kwanta a bayan lambu, bai sake tashi ba.

Gani na ƙaratowa, matarsa Tekna ta same shi yana gyaran igiyar guga.

"Agali ya aiko," in ji ta. Agali mijin 'yarsu Azahra ne. "Ya ce in ka yarda, bana ya ɗauke ka a babur ɗinsa."

"A ina?"

"A baya mana. A tanki zai ɗora ka?"

Gumur ya ja amawalinsa har ƙarƙashin ido. "In rungumi ƙugun surukina? Yaron da ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba? Ke ma har kika iya ɗauko wannan magana da bakinki?"

"Ni saƙo aka ba ni, Baban Azahra. In ba ka so, ga jakin lambu can, shi ba surukinka ba ne."

Gumur ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Da aka ɗora albasarsa a mota zuwa Agadas, sai ga shi a saman buhuna, kusa da Bazo. Bazo ɗan ƙanwar ubansa ne, wato taubashinsa, ƙato mai tumbi da baki, wanda Allah ya halatta wa ya gaya wa Gumur duk abin da ya ga dama, kuma bai taɓa barin wannan dama ta wuce shi ba.

A rumfar Alkasum mai babura, guda biyu ne kuɗin albasar za su iya kaiwa. Ɗaya babba ne, ja, na hannu, wani mai haƙar zinariya ya dawo da shi daga hamada, dogo har ƙugun Bazo, in an tayar da shi rumfar kanta rawa take. Ɗayan ƙarami ne baƙi, irin na masu kai burodi, ba ado ba komai. Bazo ya dafa babban yana lumshe ido.

"Ka ga abin hawan jagora. Ka hau wannan, ko ba a gan ka a kai ba za a ji ka."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Alkasum. "Wannan rairayi yake sha kamar fura. Sa'a ce ta kawo ka, mai shi matsuwa ce ta sa ya sake shi."

Gumur bai kalli fenti ba. Ya tsuguna ya fara da taya, ya danna, ya shafa, kamar yadda ake duba tafin raƙumi. Ya zura hannu ƙarƙashin cikin kowanne ya auna tsakaninsa da ƙasa. Sannan ya shiga tambaya, kai ka ce aure zai ba su. Me yake sha? Man kwalba na bakin hanya yana karɓarsa ko sai na gidan mai? In ya yi ciwo a ƙauye wa ke masa magani? Alkasum, da yake ba maƙaryaci ba ne, ya amsa cewa kayan babban sai an aika Arlit, ƙaramin kuwa ko maƙerin Timia zai buɗe shi ya mayar.

"To, gurfanar mini da shi," in ji Gumur.

"Na'am?"

"Kwantar da shi ƙasa. Babban."

Alkasum ya dubi Bazo, Bazo ya ɗaga kafaɗa. Aka shimfiɗa buhu aka kwantar da jan babur. Gumur ya tattare riga, ya kama, ya yi nishi. Ya sauya wuri ya sake kamawa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, babur ko gezau. Bazo ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo ni! Ku zo ku ga tururuwa za ta ɗauki kantun gishiri! Sake shi, ɗan gajere, kada bayanka ya tsinke Tekna ta ce ni ne."

Sai da su uku suka haɗu kafin ya miƙe. Gumur ya huta, ya ce a gurfanar da ƙaramin. Ya juya masa baya, ya kama hannun babur da hannu ɗaya, ya kama ƙarfen baya da ɗayan, ya tura da ƙafafu. Da ƙyar, amma ya tashi.

"Wannan," in ji shi.

"Baba, ai babur ba don ya faɗi ake sayensa ba."

"Yaro, ban taɓa hawan abin da bai faɗi da ni ba. Farin raƙumin Azawak ya fi kowa kyau ranar biki, amma kai shi dutsenmu ka gani, tafinsa yagewa yake. Namu ɗan ƙarami mai dabbare-dabbare, da ba a yi masa waƙa, shi ke kai mutum gida."

"Ka dai ce shi ne daidai tsawonka," in ji Bazo.

Koyon kuwa ya zama abin kallon gari. A busasshen kwarin da ke ƙasan lambuna yake yi. Ranar farko ya tuɓe takalmansa ya rataya a hannun babur, don mahayin kirki ba ya hawa da takalmi, da tafin ƙafa ake magana da wuyan raƙumi. Bai kai ƙarshen kwarin ba salansa ta gaisa da idon sawunsa. Matan da ke ɗiban ruwa suka toshe baki da mayafi. Tekna ta shafa masa man shanu tana faɗa, washegari ya fita da takalmi a ƙafa yana ɗingishi. Ya faɗi a rairayi, ya faɗi a tsakuwa, ya shiga shingen lambun liman. In babur ya mutu sai ya yi masa ƙyacci da harshe kafin ya tuna da kik. Kuma kullum da safe, a bayan bangon lambu, sai ya kwantar da shi da gangan ya ɗaga, ta dama ya ɗaga, ta hagu ya ɗaga. Waɗanda suka leƙa suka ce tsufa ya fara taɓa jagora.

Ran ziyara ya fito da sabon rawani mai baƙin shuni yana ƙyalli, salkar ruwa ɗaure a baya, buhun dabino da cuku a gefe. Babura suka jeru a bakin gari, manya da ƙanana, ba wanda ya tayar da nasa sai da ɗan baƙin babur ɗin Gumur ya yi tari ya kama. Gumur ya wuce gaba. Agali na biye da shi, idonsa a ƙasa. Bazo yana can ƙarshen layi a bayan ɗansa, ya rungume shi ƙam, ya ce shi kunya ba ta taɓa kai shi ko'ina ba.

Hanyar ta yi masa daɗi, gaskiya. Ya san kowane dutse tun yana jan akalar ubansa, ya san inda rairayi ke da zurfi da inda ake ratsewa ta gindin ƙaya. Ɗan babur ɗin yana bi tsakanin duwatsu a hankali, inda ya yi tsauri Gumur ya sa ƙafa ƙasa ya taimaka masa. Iska na shiga hannun rigarsa. In ya waiga ya ga layin mutane a bayansa, sai ƙirjinsa ya cika. Rabon da ya ji haka tun yana madugu.

Sai Maƙogwaro. Haka ake kiran hawan ƙarshe, siririyar hanya mai lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu, mutum biyu ba sa jerawa. A tsakiyarta akwai wani tudu na dutse da sai an yi masa da gaske. Gumur ya tunkare shi daidai. Babur ya ɗaga kai, ya fara nishi, yana neman a rage masa giya. A nan jiki ya ci amanarsa. Maimakon ya taka giya, ƙafarsa ta miƙe gaba tana laluben wuyan raƙumi ta danna, har da ƙyaccin harshe. Ba wuya a wurin. Inji ya mutu, babur ya ja da baya, ya kwanta da shi ta gefen rami. Rawani ya warware ya zube a kafaɗa, ga furfura, ga baki, ga komai a fili.

Agali ya riga ya sauke ƙafa ɗaya zai ruga. Da ya ga fuskar surukinsa a buɗe, sai ya tsaya cak, ya juya ya ba shi baya, don a wurinsu abin kunya ne a ga bakin dattijo a fili, ya kafa wa dutse ido. Na bayansa ya juya. Na bayan wannan ma ya juya. Aka kashe injuna ɗaya bayan ɗaya har dutsen ya yi tsit, mutum kusan gari guda kowa na kallon inda ya fito. Bazo kaɗai, daga lanƙwasar ƙasa, ya ɗaga kai yana kallo, don shi ba abin da ya hana shi.

Gumur ya zare ƙafarsa daga ƙarƙashi. Gwiwa ta fashe, mai yana ɗiga daga tanki, tayar baya na leƙen rami. Kowane mai hankali babur zai fara kamawa. Shi rawani ya fara. Ya zauna ya naɗa shi tsaf, ya ja amawali ya rufe baki. Tsoro ya ji, ba na ramin ba, tsoron ya kama abin nan ya ƙi tashi, ya buɗe baki ya kira mijin 'yarsa.

Ya juya wa babur baya. Ya kama hannu, ya kama ƙarfe, ya kafa dugadugai a tsakuwa. Tsakuwar ta zame, ya koma zaune. Ya ji Agali ya ja numfashi, amma yaron bai waigo ba, Allah ya yi masa albarka. Gumur ya share wurin da ƙafa har ya samu dutse mai ƙarfi, ya yi bisimilla, ya tura. Gwiwoyin da Bilma ta cinye suka yi ƙara. Babur ya ɗago, ya yi jim a tsakiya kamar mai shawara, sannan ya miƙe.

Bai hau ba. Ya tayar da inji, ya sa giyar farko, ya kama shi ta gefe ya haye tudun da ƙafa yana ɗingishi, kamar yadda ake jan dabba a mugun wuri. Da ya kai sama ya yi gyaran murya. Sai a lokacin mutane suka juyo, injuna suka tashi.

Rana ba ta kai tsaka ba ya yi sallama a bakin masallacin. Ba kowa a gindin bango. Ya kawar da dutsen, ya tura ƙyaure, ya shiga shi kaɗai cikin sanyin ɗakin, ya tsaya inda ubansa ke tsayawa. A waje yana jin baburan suna isowa ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa, ya bar shi ya gangara cikin amawali.

Da yamma suka sauko gari. Tekna na bakin ƙofa, ta ga jini a wandonsa, ta dubi Agali, Agali ya dubi ƙasa. Sai ta juya wajen wanda ta san ba ya iya riƙe magana.

"Bazo, gaya mini gaskiya. Faɗuwa ya yi ko?"

Gumur ya tsaya da hannu a kan babur, yana jiran abin da ya san zai sha har ƙarshen ransa. Bazo ya sauko da ƙyar daga bayan ɗansa, ya miƙe ƙugu, ya daɗe yana kallon taubashinsa.

"Ni ina can baya, Tekna," in ji shi. "Shi kuwa yana gaba. Ki ba shi ruwa."