Gaisuwar Ƙasimu

Duk ɗalibin Arewa da ya sauka Kuala Lumpur ya san Ƙasimu mai kilishi da yaji a kasuwar Chow Kit. Baki gare shi, wallahi ko kifin kasuwar sai ya tambaye shi ya gida. Malam Abdurrahim ne ya kawo shi ƙasar, ya koya masa ciniki, ya tsaga masa gefen shagonsa. Shi ya sa Ƙasimu ba ya cewa Malam, sai dai "Malam ɗina".

To, huhun Malam ya gaza. A asibiti aka ɗaura masa takunkumin da na'ura ke tura iska ta cikinsa. Likita ya ce in ya riƙa cirewa, sai an sumar da shi an zura masa bututu a maƙogwaro. Wa aka bari a bakin gado? Zulkiflu, ɗalibin aikin jinya daga unguwar Taman Melati, zuwan bara! Shi ke gyara igiyar takunkumi, shi ke jiƙa wa Malam leɓe. Ƙasimu kuwa kullum sai Zulkiflu ya ce masa, "Yaya, dakata tukuna."

Kai, kishi ya ci Ƙasimu. Mutumin da shi ya nuna wa inda ake hawa jirgin ƙasa, yau shi ke tare masa ƙofa? Ko shayin mamak, masu shayin garin, ya daina yi masa daɗi.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya faki idon Zulkiflu ya faɗa ɗakin.

"Salamu alaikum! Malam, ya jiki?"

Malam dattijo ne da bai saba barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Ya fizge takunkumin. "Da sauƙi… ya kasu…" Numfashi ya sarƙe, leɓɓansa suka yi duhu, na'ura ta ɗau ƙara. Da ƙyar nas ta mayar masa kafin a kai ga bututu.

A waje Zulkiflu ya sami Ƙasimu.

"Yaya, duk mai zuwa dubiya hannu kawai yake ɗaga masa. Ni ma bai taɓa cirewa don ni ba. Muryarka ce ba ya iya ji ya yi shiru. Shi ya sa nake tare ka."



Har yanzu in ya hango Zulkiflu yana gyara igiyar nan, sai ya kau da kai. Amma kullum yana zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dunƙule hannu ya ɗaga wa Malam ɗinsa, baki gum.