Baffa Sale da Gwiwar Inna

Matso kusa ka ji, kai da ka san Baffa Sale, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni a gidansa na Agege. Kullum bayan asuba yana tsakar gida a tsaye da ƙafa ɗaya, hannuwa sama, ido rufe, kamar balbelar da ta manta inda za ta.

Shekara talatin ya yi yana jan tankar mai. Zaman layin jiran lodi a tashar jiragen ruwa ta Apapa ya cinye masa baya, har wani Ba'indiye ma'aikacin jirgin ruwa ya koya masa miƙe-miƙen nan. Yoga ake kiran abin, shi kuwa "lallashin jiki" yake cewa.

Ran nan gosulo ya riƙe danfonmu, motar hayar da muka shiga, a unguwar Mile 2. Baffa ya sauka, ya dafa motar, ya shiga lanƙwasa ƙugu. Kwandasta ya ce, "Baba, lafiya?"

"Motarka ce ta tsaya, ɗana. Ni ban tsaya ba."

Maƙwabta kuma suka kai wa liman labarin wai Baffa ya samo sabuwar salla. Liman ya zo ya tarar da shi a duƙe, ya ce, "Alhaji, ai ba nan ce alƙibla ba."

"Malam, ba salla nake ba. Yaya wuyan nan naka?"

Kafin in kawo shayi, liman na kwance a tabarma, rawani a gefe.

Amma abin da ya fi damun Baffa shi ne matarsa, Inna Hajara. Gwiwa ta hana ta sujada. Shekara huɗu tana salla a kujerar roba, tana idarwa tana share hawaye.

"Hajara, fito in nuna miki."

"Ni da jikokina in ɗaga ƙafa a tsakar gida? Tafi can da rawar Indiyarka."

Sai ya janyo tabarmarsa gindin tagarta, yana yi yana faɗa da ƙarfi, wai da kansa yake: "Sale, riƙe bango. Durƙusa kaɗan. Ja numfashi. Sale, daina gardama."

Har ya rasu ba ta fito ba.

Tana cikin takaba na fara jin magana ƙasa-ƙasa a ɗakinta da safe: "Hajara, riƙe bango. Daina gardama." Saura kwana uku ta fita takaba na kai mata koko, na ga kujerar a bakin ƙofa. Inna na kan tabarmar Baffa, goshinta a ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da ta sallame ta harare ni. "Shekara huɗu mutum na yi mini ihu a taga, ba dole in haddace ba?" Sai muryarta ta karye. "Da ma ya gani."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa yadda zai miƙe son ransa, ya kai masa ladan sujadar nan.

Kai fa, wa ke gindin tagarka yana ta faɗa, kana yi kamar ba da kai yake ba?