Rijiyar da Kakanninmu Suka Binne

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da ruwa ya fito a ƙauyenmu. Ƙauyen yana kan hanyar Kiyawa daga Dutse, inda in ka haƙa ƙasa kaɗan sai ka ci karo da dutse. Sau biyu motar haƙa rijiyar burtsatse tana zuwa, busasshen gari kawai take fitarwa. Aka ce mana zuwa na uku shi ne na ƙarshe. Wasu gidajen sun riga sun kora shanunsu kudu, ni ma a zuci na fara ɗaure kaya.

Ni ne shugaban kwamitin ruwa a lokacin, ga ni da gajen haƙuri. Sai aka turo mana wani dattijon injiniyan ruwa da jakar littattafai. Ashe marubucin tarihi ne, shi ya rubuta asalin garuruwa da dama a yankinmu. Maimakon ya fito da na'ura, bawan Allah sai ya miƙe ƙafa a zauren Liman, yana tambayar tsofaffi su wa suka sari garin. Kwana biyu cur! Na cika fam.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa fa muka roƙa, ba labarin kakanni ba."

Ya yi murmushi. "Malam, da shanu kakanninku suka zo nan. Me shanun suka sha?"



Da yamma Liman ya shiga gida ya fito da gafakar kakansa, wadda bai taɓa buɗe wa baƙo ba. Injiniya ya bi takardun ajamin nan a hankali da yatsa, har ya iso inda aka rubuta cewa an cike wata rijiya bayan wani bijimin sa ya faɗa ciki, yamma da tsohuwar kuka. Tsofaffi suka juyo suna kallona. A nan nake ɗaure shanuna shekara da shekaru!

Injiniya ya gwada wurin da na'urarsa, da motar haƙa ta dawo ya ce a kafa ta a nan. Tun hantsi ake haƙa, gari ne dai ke fita. Dab da la'asar garin da ke fita ya yi duhu, ya koma taɓo, sai ruwa ya yi tsiri sama. Mata suka rangaɗa guɗa, maza na kabbara. Ni kuwa na shige cikin ruwan da babbar rigata ina kuka ina dariya, ko kunya babu. Injiniya ya ja gefe, ya kare littafinsa da hula, yana tambayar Liman cikakken sunan kakan nan nasa.

Na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, Malam. Ba ni na samo ba, tambaya kawai na yi."

A ranar na gane cewa abin da tsofaffi suka sani dukiya ce, kuma ba za su zauna suna jiranmu ba. Yanzu in dattijo ya fara da "a zamaninmu", gyara zama nake yi.