Zara'u Mai Hwatun 'Yan Awaki

Zara'u yayar mijina ce, kakanku Tanko. Ke Safi ba ki ishe ta da rai ba. Gajera ce, muryarta kamar ta namiji, amma hannunta ƙarami kamar na yarinya. Da hannun nan anka san ta, daga ƙauyenmu har kasuwar Kanan-Bakashe. In haihuwa ta gardama ma akuya, ɗa ya zo a gicce, ita ake kira. Sai ta shahwa mai, ta sa hannu ta juya shi, tana zagin akuyar: "Ke 'yar banza, ran da kike bin bunsuru kin kira ni?"

Shekarar da nike hwaɗa miki, soji ke mulki, damina ta ƙi. Ruwa biyu anka yi, hatsi ya kai gwiwa ya ƙone. Maza sunka watse, wasu Kano, wasu Legas, har da kakanku. Anka bar mu da yara da awaki. Awakin nan har dangar kara suke ci. Sai sunka hwara ɓari. Ki tashi da sahe ki ishe ɗa a ƙasa, matacce, cikin ruwa da jini. Akuya kuwa in ɗanta ya mutu, riƙe nono take yi har ya ƙahe. Nonon nan shi ne ran yaranmu, shi muke ɗigawa cikin ruwan dussa.

Sai Zara'u ta hito da dabara. Ta heɗe mataccen ɗan, ta cusa tsumma cikin hwatar, ta shanya ta bushe, ta aje gaban uwar. Uwar ta sunsuna, ta lasa, nono ya sauko. Ta ce kada a wanke hwatar, in an wanke warin ɗa ya tahi. Mu kuma cikin ɗaki muke rataye ta don karnuka, awakin ma cikin ɗaki suke don ɓarayi. Mahaihwa kuwa bayan danga ake jehwawa, rana ta busar, iska ta kwashe. Gida bakwai ta yi ma haka, har da namu. Kowa na sa mata albarka.

Ba a yi wata guda ba ciwo ya shigo. Kai ke hwarawa, kamar ana sara da gatari, sai zazzaɓi, sai tari busasshe babu kaki. Ba irin ciwon haƙarƙarin da munka sani ba ne, mai kada mutum rana guda. Wanga sai mutum na yawo yana jan ƙahwa, kwana goma, kwana ashirin, numhwashi na raguwa. Masu hali sunka tahi likita anka yi musu allura, kamar an zuba ruwa a yashi. Ni ma ya kama ni.

Furera matar Baƙo maƙwabcinmu, ciki gare ta wata bakwai. Ciwon ya kama ta, ta yi ɓari, kwana uku ta cika. Kwana biyu da ruhe ta sai ga Baƙo, an koro su daga Najeriya, ko takalmi babu. Ya ishe ɗaki wayam, sai ɗiya biyu da hwatar ɗan akuya a rataye.

A bakin rijiya maganar ta tashi. Mata sunka ƙidaya: gida bakwai Zara'u ta shiga da hwata, gida bakwai ke tari. Gidan Liman babu akuya, babu tari. Ita kuma da take cikin jinin nan har gwiwar hannu kullum, ko atishawa ba ta yi ba. Daga nan anka ce mayya ce.

Ranar Laraba bayan azahar ina kwance gindin ɗaki, sai na ji an ture ƙyauren Zara'u. Baƙo ne da maza huɗu. Sunka jawo ta ta gashi har tsakar gari, zanenta na ja a ƙasa.

Baƙo ya ce, "Sako kurwar mutane! Ga marasa lahiya nan, ki tsallake su ɗaya ɗaya."

Ta ce, "Baƙo, ni na yanke maka cibi. In na tsallaka na amsa ke nan. Ba ni tsallakawa."

Ya mare ta ta hwaɗi. Ta tashi ta tohwa mishi miyau da jini, ta ce, "Ka tahi Legas ka dawo da ƙwarƙwata, ƙarhinka a kan tsohuwa zai ƙare?"

Sunka ruhe ta da sanduna. Wani ya mirgino turmi, sunka kihe shi, sunka danne hannunta na dama a kai. Baƙo ya ɗaga taɓarya. Safi, na ji ƙarar ƙashin nan daga inda nike, sau uku. Ban san sa'ad da na rarrahwa na hwaɗa bisa kanta ba. Ta huɗun a bayana ta sauka. Mutane na tsaye, har waɗanda ɗiyansu ke shan nonon. Liman kaɗai ke ihu, "Ku ji tsoron Allah!" Anka ture shi rawaninshi ya warware.

Da sun kashe ta. Allah ya kawo kamiyo, babbar motar hatsin taimako, daga Mayahi, da soji uku masu rakiya. Ba su tambayi kowa komi ba. Sunka diro da bel da gindin bindiga. Sarzan ɗinsu ya buga ma Baƙo a baki, haƙora biyu sunka zubo. Sunka tuɓe ma su biyar ɗin riga, sunka sa su birgima cikin yashin rana, suna tattaka su da takalmi har hwatar bayansu ta saɓule. Wani tsoho da bai taɓa kowa ba, shi ma ya sha nashi don ya yi tari kusa da sarzan.

Cikin kamiyon akwai wani Ishaƙu, likitan bisashe, ya zo ganin abin da ya mutu. Shi ya ɗaure ma Zara'u hannu da kara, yana tambayar mahwari. Da anka ce hwata, ya ce a kai shi. Ya shiga ɗakina, ya hito da gudu ya ruhe hanci da hula.

Ya ce min, "Iya, da wanga kuke kwana? Ba yunwa kaɗai ke sa awakinku ɓari ba, ciwo ne. Yana cikin ruwan haihuwa da mahaihwa. In ya bushe ya zama ƙura, ku shaƙa, ya sauka ƙirji. Allurar da ake muku ta wani ciwon ce, ba ta kama wanga."

Liman ya ce, "To ita mi ya hana ta kamu?"

Ishaƙu ya ce, "Shekara nawa tana aikin nan? Ta yi shi tun tuni ta warke, jikinta ya san shi."

Zara'u na kwance, ta ce, "Ashe dai hwatuna ne sunka ci Furera."

Ya ce, "Ba ki sani ba, Iya."

Ta ce, "In an ƙone su, nonon yara hwa?"

Ishaƙu ya sa anka tara hwatun bakwai bayan gari anka sa wuta, anka hidda awaki daga ɗakuna, ya ce mahaihwa a gina rami a binne. Kashegari majo, malamin asibitin Mayahi, ya aiko da ƙwayoyi, rabi ja rabi ɗorawa. Kwana biyar tarina ya lahwa. Amma nono ya ƙahe, kahin ruwa ya sauka munka ruhe yara biyu.

Ran nan kuwa da soji za su tahi, sarzan ya ɗaure Baƙo da igiya zai jehwa shi kamiyo. Zara'u ta ce a ɗaga ta zaune.

Ta ce, "Soja, ina za ka kai shi?"

Ya ce, "Gidan kaso."

Ta ce, "Can da ake ba su tuwo kullum? A'a. Bar min shi nan ya ji yunwa tare da mu. Hannun da ya karya da shi nike jan guga. Shi za ya ɗebo min ruwa."

Sarzan ya yi dariya, ya ƙara mishi shuri guda, ya kwance shi.

Hannun ya warke a lanƙwashe, bai sake shiga cikin akuya ba. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya. Kullum sahe Baƙo na kawo tulu biyu ya aje ƙohwarta, ya ce, "Ina kwana, Inna." Ita kuma ta leƙa tulun ta ce, "Mai giɓi, yau ma bai cika ba." Ban taɓa jin ta ce ta yahe mishi ba. Ran da ta rasu, shi ya gina kabarin.